Dokar da Ba Ta Iso Tumbutu Ba

A shekarar 2004 ƙasar Benin ta kafa dokar iyali. Dokar ta ba gwauruwa rubu'in gādo idan mijinta ya bar 'ya'ya, muddin an ɗaura auren a gaban hukuma. Amma da Faransanci aka rubuta ta, gwauruwar Tumbutu kuwa, a ƙasar Malanbil, Dendanci ko Hausa ko Fulatanci take ji. Dangin miji su kwashe gona da awaki, tana kallo.

Waɗansu sun ce masu koya wa mata hakkinsu, irin Ƙungiyar Mata Masana Shari'a ta Benin, suna raba gidaje. Ƙarya ne! Mai cin gādon marayu shi ke raba gida. Lalle a fassara dokar nan, a karanta ta a rediyo da kasuwa, kowace amarya ta san amfanin takardar aure tun mijinta yana da rai.