A Duba Mastar Birki Kafin A Yi Wa Mota Fenti

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu tsofaffin motoci game da mastar birki, wato 'yar tukunyar nan da ke tura man birki zuwa ƙafafun mota idan direba ya taka.

A Ingila da Amurka akwai masu sha'awar ajiye tsofaffin motocin gudu irin su MGB wadda ta fito a 1962. Na farkonsu layin mai ɗaya ne da su, bututu ɗaya ya fashe, ƙafa huɗu duk babu birki. Saboda irin wannan haɗari ne dokar Amurka ta wajabta layi biyu daga 1968, in ɗaya ya mutu ɗayan ya tsayar da mota. Shi ya sa da yawa daga masu waɗannan motoci ke cire tsohuwar masta su sa mai layi biyu, alhali motar sai ranar hutu take fita.

To jama'a, ina ga mu? Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma har yau akwai tsofaffin 504 da ke jigilar mutane da buhunan masara ranar kasuwa. Amma sai ka ga an yi wa mota fenti, robar masta kuwa ta cinye. Mai ya tsiyaye, wani sai ya zuba ruwan omo ko baƙin mai. Haba! Ruwa na kawo tsatsa, ya tafasa a gangara, baƙin mai kuma kumbura roba yake yi.

Shawarata, in birki na nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafa, a canza masta, a daina faci. A sa daidai girman ta asali, domin mai faɗi tana sa birki tauri, ƙarama kuma sai ƙafa ta yi nisa kafin ya kama. A riƙa canza man birki duk shekara biyu, don yana shan danshi.

Ina kira ga shugabannin tasha da jami'an kiyaye haɗurra su riƙa duba wannan. Kai kuma fasinja, in ka ga direba na famfon birki sau uku kafin ya tsaya, sauka ka nemi wata. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye mana hanya, amin.

Wani tsohon direba,
Funtuwa.