DANDALIN SILIMA: JARUMIN DA BA YA TUNTUƁE BA NAMU BA NE

Jama'a, a cikin 2019 ne duniya ta ji labarin wasu samari a Kaduna masu kiran kansu The Critics, waɗanda ke shirya silima irin ta ƙagen kimiyya da wayar hannu da koren ƙyalle. A 2020 J.J. Abrams na Amurka ya aiko musu da kayan aiki. Madalla da wannan himma. Amma ga gargaɗi gare su da masu bin sawunsu: jirgin sama-jannati da bindigar haske ba su ke riƙe ɗan kallo ba. Abin da ke zaunar da shi shi ne ya ga mutum irinsa, mai tsoro da kwaɗayi da bashi a wuya.

Dubi Alien na 1979. Ma'aikata 7 ne cikin jirgin dakon ma'adinai, biyu daga cikinsu kuwa, watau Parker da Brett masu kula da inji, tun farkon wasan ƙorafin rabon kuɗi suke yi. Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin ma'aikatan reluwe a Kafanchan ya san irin wannan gunaguni. Saboda haka da dodo ya fara ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sai ka ji kamar maƙwabcinka aka taɓa.

Interstellar na 2014 ya fi kusa da mu. A cikinsa annoba ta cinye alkama, ta bi kuɓewa, masara kaɗai ta rage. Manoman kudancin Kaduna da cuta ta ruɓar musu da citta a daminar 2023 ba sa bukatar a fassara musu wannan. Cooper manomi ya bar 'yarsa tana kuka ya tafi nema wa 'yan Adam wata duniya, ita kuwa ta riƙe shi a zuci shekara da shekaru. Dokta Mann, wanda ake ɗauka gwarzon gwaraza, kaɗaici ya sa ya aiko da bayanan ƙarya don kawai a zo a cece shi. Ba wanda zai yaba masa, amma wa zai rantse ba zai yi haka ba?

To, ga Samaru Kataf da makarantarta ta koyon aikin gona, ga manoma kewaye da ita. Me zai hana a ƙaga mana wani masani a can, shekara 50 nan gaba, wanda ya gano maganin annobar amfanin gona, amma maganin bai isa kowa ba? Ƙauyensu zai fara ba, ko mai kuɗi? In ya yi son kai ya zo yana nadama, mun gane shi. In kuwa aka yi shi tsarkakakke, ba aibu ko ɗaya, to gunki aka sassaƙa, kuma ba mai zubar wa gunki hawaye.

Kayan aiki ana iya aiko su daga Amurka. Halin mutum kuwa a gida ake koyonsa, a kasuwa da tasha da bakin gona.

Sai mako mai zuwa.