Agogon Matafiyi da na Mazauni Ba Ɗaya Ba Ne

Ɗalibanmu sun saba da lissafin gudu: a raba nisan tafiya da lokacin da aka ɗauka. Cikin wannan lissafi mukan ɗauka cewa sakan ɗaya daidai yake ga kowa, mazauni da matafiyi. Haka Isaac Newton ya koyar, kuma ga keke da mota lissafin ya wadatar. Amma gaskiya ba ta tsaya nan ba, kuma a ganinmu bai kamata yaro ya bar sakandare bai ji sauran labarin ba.

A 1905 Albert Einstein, yana ɗan shekara 26, ya kafa bayaninsa kan abubuwa biyu, ɗaya daga cikinsu shi ne: haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a sakan, kuma duk wanda ya auna zai sami wannan adadi, ko yana tsaye ko yana tafiya. To, mu ɗauki madubi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, haske na kai da komowa tsakaninsu, kowace komowa bugun agogo ɗaya ce. A sa wannan agogo cikin jirgi mai tsananin gudu. Na cikin jirgi zai ga hasken yana hawa da sauka a miƙe. Na ƙasa kuwa zai gan shi yana bin hanya a karkace, wadda ta fi tsawo. Tun da gudun haske ba ya ƙaruwa, tilas bugun ya ƙara jinkiri. Ke nan a ma'aunin mazauni, lokacin matafiyi yana tafiya a hankali.

Da ɗayan tagwaye zai yi tafiya da kashi 87 cikin 100 na gudun haske, ya dawo bayan shekara 10 a agogonsa, zai tarar ɗan'uwansa ya ƙara shekara 20.

Gani ya kori ji. A 1971 masana biyu a Amurka, Hafele da Keating, sun zaga duniya cikin jiragen fasinja ɗauke da agogon atam guda 4. Da suka dawo, agogonsu sun saɓa da na ƙasa kamar yadda lissafi ya faɗa. Haka kuma taurarin ɗan Adam na GPS, masu nuna wa wayoyinmu hanya, suna gudun kusan kilomita 14,000 a awa. Gudun yana jinkirta agogonsu da kashi 7 cikin miliyan na sakan kowace rana, raunin janyowar ƙasa a can sama kuma yana gaggauta su da kashi 45. Ba don ana gyara wannan bambanci ba, da kuskuren taswira ya kai kilomita 10 a rana.

Wasu za su ce wannan ya fi ƙarfin yara. Ba mu yarda ba. Duk ɗalibin da ya san ƙa'idar Pythagoras zai iya fitar da lissafin agogon madubi a kan allo. Abin da muke tsoro shi ne mu yaye masu haddar littafi, waɗanda ba su taɓa ganin yadda awo ke rushe abin da kowa ya saba ɗauka ba.

Saboda haka muna kira ga malaman kimiyya su keɓe ko da darasi ɗaya domin wannan batu. Ku kuma ɗalibai, ku riƙa tambaya, gama matambayi ba ya ɓata.