A Fito da Tatsuniya daga Rumbu

A shekarar 2007, a birnin Kyoto na ƙasar Japan, wani kamfani mai suna SCRAP ya fara shirya wani wasa da daga baya ya bazu a duniya: a rufe mutane cikin ɗaki, a ƙayyade musu lokaci, galibi awa guda, su yi ta warware wasa ƙwaƙwalwa bi da bi har su gano mabuɗin fita. Masu shirya irin wannan ɗakin kuɓuta a Turai da Amurka sukan ɗebo jigonsu daga tatsuniyoyin da ƴan uwan nan Grimm suka fara bugawa a Jamus a 1812, kamar ta Hansel da Gretel a gidan mayya. Har kuɗi ake biya don a shiga cikin tatsuniyar kakanni.

A ƙasar Hausa kuwa, tarawa aka iya. Frank Edgar ya fara buga nasa kundin a 1911, Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, cibiyar CELHTO ta Yamai ta adana adabin baka mai yawa. Madalla da wannan aiki, amma irin da ya daɗe a rumbu ba a shuka shi ba, rabon gara ne. Laifin yana wuyan malamin da ke ganin tatsuniya shirmen tsofaffi ce, da ƙungiyar al'adun da ba ta tunawa da Gizo sai ranar biki, gaban manyan baƙi.

A dubi tatsuniyar Ruwan Bagaja. An tura ƴar bora wanki wuri mai nisa, ta haɗu da gwaji iri iri a hanya, daga ƙarshe aka ba ta zaɓi tsakanin ƙwai babba da ƙarami. Kowane zango ƙofa ce a rufe, kowane hali nagari mabuɗi ne. Me ya rage a ƙirƙiro?

Wani zai ce wasan ƴan birni ne, mai bukatar lantarki da kwado mai lamba, ina ruwan ƙaramar hukumar karkara irin Korahane ta gundumar Dakoro da shi? Wannan uzurin malalaci ne. Aji guda, ƙwarya uku, faifai, igiya da ƙwai biyu sun isa. Malami ya kasa ɗalibai rukuni rukuni, ya ɓoye kacici-kacici a ƙarƙashin kowane faifai, ba mai wucewa gaba sai an ba da amsa. Tsofaffin gari su ne ma'ajin tambayoyin, da Hausa, da Fulatanci, da Buzanci.

Sai dai a yi hattara da kwaikwayo ido rufe. Ɗakin kuɓuta na kasuwa sauri da wayo yake sakawa, agogo ne alƙalinsa. Ƴar bora kuwa da ladabi da haƙuri ta tsira, ƴar mowa garaje da kwaɗayi suka kai ta ga halaka. Wasan da zai ba mai gaggawa nasara ya juya tatsuniyar kai ƙasa. Wajibi ne ƙa'idar wasan ta hukunta rukunin da ya ƙi gaida tsohuwa ko ya wawuri babban ƙwai.

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi zai tsaya a takarda muddin yaron Korahane zai gama firamare bai taɓa yin gumi wajen warware kacici-kacici da harshen uwarsa a cikin aji ba.