Kyamarar Da Ke Ƙasan Adaka

  

Uwargida, ina tsohuwar kyamarar nan ta gidanku, wadda ake fito da ita ranar sallah ko ranar suna? A gidaje da dama tana can ƙasan adaka, an manta da ita tun shigowar wayar hannu. Tamu ma haka ta yi shekaru, sai da muka zo gyaran ɗakin mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa, na ci karo da ita naɗe cikin tsohon rawani. Ƙannena suka ce a bai wa 'yan jari-bola, na ce ba za a yi haka ba. Yau da ita nake ɗaukar yarana, kuma ta nuna mini cewa lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Ƙirar Pentax K1000 ce, wadda wani kamfanin Japan ya yi ta fitarwa daga 1976 zuwa 1997. Irinta ba ta dogara da batir ba, ɗan batirin da ke cikinta na auna haske ne kawai. Akwai kuma Olympus Trip 35, da aka yi daga 1967 zuwa 1984, ita ko batir ba a sa mata. Shi ya sa har yau suke aiki in an kula da su. Kada kuma ki ɗauka fim ya ƙare a duniya. Kamfanin Kodak ya shiga karayar arziki a 2012, amma bai daina yin fim ba, kuma a 2024 an fitar da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17. Sai dai fim ya yi tsada, masu wanke shi kuma sun ƙaranta. Don haka ki fara binciko inda za a wanke miki kafin ki kashe kuɗinki.

In kin ɗauko taki, kada ki yi gaggawar buɗe bayanta. Mai yiwuwa akwai fim a ciki ɗauke da hotunan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, haske kuwa yana shiga shi ke nan sun tafi. Ki danna ɗan maɓallin da ke ƙasa, ki naɗe fim ɗin a hankali har ki ji ya saki, sannan ki buɗe.

Daga nan ki duba mazaunin batir. Tsohon batir yakan yi yoyo ya ci ƙarfen. In kin ga farin gari ko kore-kore, ki ɗan jiƙa auduga da ruwan khal ki goge, ki bari ya bushe sarai. Sai ki duba baƙin soson da ke gefen murfin baya, wanda ke hana haske kutsawa. In ya narke ya zama kamar kwalta, a kai wa mai gyara ya sauya shi, in ba haka ba hotunanki za su fito da jan zane.

Abokan gabar kyamara a wajenmu biyu ne, ƙurar hunturu da laimar damina. Kada ki goge gilashinta da bakin zane ko gefen hijabi, domin ƙura tana kankare shi. Ki fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan ki shafa da ƙyalle mai laushi irin na tabarau. Laima kuwa takan sa fumfuna ta tsiro cikin gilashin kamar saƙar gizo, in ta daɗe har ta ci shi. Ki ajiye kyamarar a busasshen wuri, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Duk wata ki fito da ita ki danna ta 'yan lokuta don kada ta ƙage, kuma ki cire batir in za ta jima a ajiye. Fim ɗin da ba ki sa ba, ki ɗaure shi a leda ki sa a firji, amma ki bari ya huce kafin ki buɗe.

Wajen ɗauka, fim mai lamba 200 ya wadatar da mai koyo. In rana ta take, ki sa zoben gilashi a kan 16, saurin ɗauka a kan 250. In a inuwa ne, ki dawo da zoben kan 5.6. Hasken hantsi da na bayan la'asar sun fi kyau ga fuska, don ranar tsaka takan sa yara runtse ido.

Akwai abin da ya kamata ki riƙe da kyau, 'yar'uwa. Fim sai ya bi ta hannun mai wanki, kuma duk abin da kika ɗauka sai ya gani. Kada ki ɗauki kanki ko wata mace cikin shigar da ba za ki so baƙo ya gani ba, kuma kada ki ɗauki kowa sai da izininsa. Hoton mutum amana ne a hannunki. In an wanke, ki karɓo nagetif ɗinki ki adana, domin da shi za a sake fitar da hoton ko bayan shekaru.

Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, babu gogewa, babu dubawa nan take. Wannan ƙarancin shi ne ya koya mini tsayawa in yi tunani: wa ya cancanci a ɗauka yau? Sai na lura ina da hotunan abinci da atamfa birjik a waya, amma ba ni da ko ɗaya mai kyau na kakarmu. Wayoyi nawa suka lalace ko aka sace da hotunan 'ya'yanmu a ciki? Na kakarmu yanzu yana cikin albam, inda jikoki za su same shi.

Ki buɗe adakar nan a wannan makon. In tsohuwa tana raye a gidanku, ki fara da ita.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalam.