Wa ke riƙon ƴaƴanmu a jami'a?

Duk shekara in sakamakon bak ya fito mukan yi guɗa, mu taɓa jari, mu sa yaro ko yarinya a mota zuwa Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Ƙarshen wata mu aika jika biyar ko goma. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: in malam ya ƙare darasi ya tafi gida, wa ke riƙon yaron?

Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ta faro a 1971. A 2010 aka kafa ta Maraɗi, ta Damagaram da ta Tawa, a 2014 aka ƙara huɗu. Ɗalibai sun yi yawa, ɗakunan kwana sun yi kaɗan. Ga kuma yadda aka raba aiki: hukumar CROU ke kula da ɗaki da abinci, malamai ke koyarwa da gyaran jarabawa. Tsakanin biyun babu wanda aka ɗora wa nauyin ya zaunar da sabon ɗalibi ya ji damuwarsa.

Shi ya sa baƙo ke faɗawa hannun waɗanda suka riga shi zuwa da ƙungiyar ɗalibai ta USN. Ba mu raina ƙungiyar ba. Ba mu manta da ranar 9 ga Fabrairun 1990 ba, da aka kashe ɗalibai uku a gadar Kenedi, abin da ya share hanyar babban taron ƙasa na 1991. Sai dai wanda ya girme ka da shekara biyu shi ma yaro ne. Ya san hanyar zanga-zanga, bai san yadda za a ceto wanda ya zaɓi fannin da bai dace da shi ba.

Mu ƴan kasuwa mun san wannan. Ba mu ba yaro mabuɗin shago ranar farko. Sai ya zauna gaban ubangida ya koyi ciniki, bashi da haƙuri. A tsarin LMD lisans shekara uku ne, zango shida, kuma darasin da aka faɗi bashi ne da ke bin ɗalibi. In ba mai faɗa masa da wuri, jarinmu ne ke ƙonewa.

Abin da muke nema ba ya cin kuɗi da yawa: a ba kowane malami rukunin sababbin ɗalibai, ya riƙa ganinsu ko sau ɗaya a wata, har a gidan kwanansu, a kuma lissafa masa wannan cikin aikinsa. Ƴan mata su samu malama da za su iya gaya wa sirrinsu.

Mu ma iyaye da namu. In ɗanki ya kira yana neman kuɗin abinci, tambaye shi sunan malami guda da ya san shi da suna. In ya yi shiru, to da sauran aiki.