Mutanen Birnin Kudu da Gwaram, Mu Tashi Mu Nemi Motar Jama'a

Iyayenmu da ƙannenmu na Birnin Kudu da Gwaram, direbobi da 'yan acaɓa, masu kai hatsi kasuwar Sara da masu jinya a asibitin tarayya, da ku nake.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, talakan yankin nan bai sake shiga mota da kwanciyar hankali ba. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Zumunci ya ragu, an bar marar lafiya a gida ana jiran sauƙi, manomi yana sayar da amfaninsa a bakin gona da araha saboda kuɗin ɗauka. Mun yi kukan tsada, kuma muna da gaskiya. Amma akwai kuɗi na biyu da muke biya kullum, da ƙirjinmu.

Ku tsaya a tasha da hantsi ku duba. Ga tsohuwar mota an cusa mutum biyu a gaba, huɗu a baya, an ɗaure but da igiya, injin yana ta ruri alhali lodi bai cika ba. Salansa tana feso baƙin hayaƙi daidai fuskar yarinya mai tallar gyaɗa, don tsayinta bai wuce nan ba. Mai shayi da mai faci da ɗan kamasho a cikinsa suke wuni. In tari ya kama su sai a ce sanyi ne. Wallahi ba duka ne sanyi ba.

Kowace litar fetur da ta ƙone tana sakin wajen kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya, ta dizal kuma ta fi haka. Wani zai ce ai ba mu muka ɓata sararin samaniya ba, Turai da Amurka da Sin ne. Haka ne, duk Afirka ba ta fitar da ko kashi 5 cikin 100 na wannan iska. Sai dai damina ba ta tambayar wa ya yi laifi. Mun ga ambaliyar 2022 a Jigawa, mun ga gonaki da gidajen ƙasa da ta ci. Kuma ba za mu manta da Majiya ba, inda tankar mai ta kama da wuta a watan Oktoban 2024, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Muddin duk wani motsinmu a kan fetur ya rataya, tankoki ba za su daina ratsa garuruwanmu ba.

To, me za mu nema? Bas-bas manya na jama'a, masu lokacin tashi sananne, masu kuɗin da talaka zai iya, da za su riƙa zirga-zirga tsakanin Gwaram, Sara, Babaldu, Birnin Kudu, Dutse da Kano. Bas guda mai ɗaukar mutum hamsin tana maye gurbin ƙananan motoci bakwai ko takwas, da hayaƙinsu da haɗarinsu. Kada wani ya ce mana mafarki ne. A Maiduguri, garin da ya sha wahalar da ba mu sha ba, an sa motocin haya masu aiki da lantarki da iskar gas a kan titi tun ƙarshen 2023. Gwamnatin tarayya tana da shirin mayar da motoci su yi aiki da iskar gas ta CNG, amma direban Gwaram da ya juya motarsa, a ina zai sha? Mu nemi a kafa wurin shan gas da wurin juya injin a Birnin Kudu, a koya wa kanikawanmu aikin. Idan layin dogon Kano zuwa Dutse ya kammala, a haɗa mu da shi da motoci, kada jirgi ya tsaya a can mu ji labari.

'Yan uwana masu acaɓa, ba abincinku ake son tsarewa ba. Kano ta hana acaɓa a 2013, mun ga yadda matasa suka watsu neman abin yi. Ba irin wannan muke kira ba. Muna so a ba ƙungiyoyinku rancen babura da Adaidaita masu batir, a kafa rumfunan caji da hasken rana, wanda Allah Ya hore mana har ya yi yawa. Ku ne za ku ɗauko mutum daga ƙauye ku sada shi da bas. Haka ɗalibi mai keke, a gyara masa gefen kwalta, a dasa darbejiya ta yi masa inuwa, tirela ta daina kora shi cikin rami.

Akwai abin da yake hannunmu tun yau. Malam direba, kashe injin in kana jiran lodi, canza baƙin mai a kan kari, duba iskar taya. Aljihunka ne zai fara gode maka.

Nijeriya ta yi alƙawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a shekarar. Wannan alƙawari da sunanmu aka ɗauka, don haka muna da bakin tambaya. Limamai su faɗa a masallaci, mata su tattauna a Islamiyya da wajen biki, ƙungiyar direbobi da ta 'yan kasuwa su rubuta takarda guda su sa hannu. A kai wa kansila, a kai wa shugaban ƙaramar hukuma, a kai wa 'yan majalisarmu na Dutse da Abuja kafin a rufe kasafin kuɗin baɗi. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi a gaban jama'a: bas nawa, nawa aka ware, yaushe za ta fara tashi daga Gwaram?